Da Auta Ya Daina Shan Taba

Kowa ya yarda cewa raba Auta da taba shi ne aikin kirki mafi girma da Yaya ya taɓa yi. Har shi Yayan ya yarda, ga shi kuwa mutum ne da bai cika amincewa da abin da jama'a suka taru a kansa ba.

Su biyu suka rage a ɗakin uwarsu, kuma wuri ɗaya suke aiki, wata ƙaramar maɗaba'a da ke bayan tashar mota, inda ƙurar takarda ke kwanciya a gira da gashin hanci. Yaya ne mai ɗaurin littafi. Shi ke ɗinki, shi ke shafa gam, shi ke sa bango. Duk abin da ya biyo ta teburinsa sai ya karanta shi kafin gam ya bushe: littafin lissafin 'yan firamare, rahoton kamfani, jawabin wani da ya yi ritaya yana gode wa waɗanda suka kore shi. Da haka ya san abubuwa da yawa da ba su taɓa yi masa rana ba. Auta kuwa shi ke riƙe da injin yankan takarda. Saboda yana kiran wansa Yaya, duk maɗaba'ar ta ɗauka, har Maigida mai wurin, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba.

Auta yana da ciwon ƙwaƙwalwa tun yana saurayi. Muryoyi yake ji. An kwantar da shi a asibiti ba sau ɗaya ba, an gwada masa magunguna kala-kala, wasu suka sandare masa wuya, wasu suka kumbura shi, har aka dace da wata ƙwaya da ta karɓe shi. Shekara da shekaru ke nan yana haɗiyarta safe da yamma, muryoyin suka ja da baya. Ba shi da mata, ba shi da ɗa, ɗakin da yake kwana ma a bayan gidan Yaya yake. Injin nan shi ne abin da ya mallaka, shi ɗin ma ba nasa ba ne. Inji ne da ba ya sauke wuƙarsa sai an danna maɓalli biyu da hannu biyu, don kada mutum ya bar yatsa a ƙarƙashi. Auta yakan daidaita tulin takarda da gefen tafinsa, ya runtse ido ɗaya, ya danna, gefen ya fito sumul kamar an goge da dutsen guga. Yaya ya daɗe da lura cewa duk makon da aiki ya yi ƙasa, a makon Auta ke fara karkata kai yana sauraron bango.

Sai taba. Yana shan ta kamar an aiko shi. A bakin kwata yake tsugunawa bayan maɗaba'a, nesa da takarda, ya zuƙi kara ya kunna wani da gindinsa. Da tari ya kama shi ya ƙi saki, aka ɗauki hoton ƙirji. Likitan ƙirji ya ce bai ga abin tsoro ba tukuna, ya kuma jaddada kalmar tukuna. A ranar Yaya ya ƙwace kwalin da ashanar, ya bi ta wurin mai kanti na bakin layi ya ce duk ranar da ya sayar wa ƙaninsa ko kara ɗaya, da shi zai yi.

Auta ya ce, “To.”

Haka yake amsa wa Yaya komai tun rasuwar ubansu.

Makon farko ya yi ta zirga-zirga a tsakar gida yana tauna tsinke, yana faɗa da kaji. Daga nan sai ya lafa. Matar Yaya ta wanke labule ta shanya, ta ce yau ta san ƙamshin sabulunta. Da can ba ya wuce ƙofar kicin bai tsokane ta ba. “Matarmu, yau ma gishirin ne ya dafa kansa?” Ita kuma ta bi shi da ludayi. Yanzu sai ya wuce ya ce sannu, ko bai ce ba. Maƙwabta suka ce yaron ya natsu, yaron da furfura ta fara cin gemunsa. Yakan ci abinci ya yi gyangyaɗi da cokali a hannu. Da safe matashin kansa yakan kwana jiƙe da miyau, ta fitar da shi rana. In ya miƙe da sauri sai ya dafa bango. Gidan ya yi shiru, kuma gaskiyar magana ita ce babu wanda shirun ya dama.

A maɗaba'a ne abin ya fito fili. Yaya ya ɗaga kai wata hantsi ya ga ƙaninsa tsaye gaban inji, hannu biyu a kan maɓalli, bai danna ba, bai kuma janye ba, ido a buɗe. Kwana kaɗan bayan haka ya yanke tulin littattafan makaranta gaba ɗaya ta tsakiyar layin ƙarshe na kowane shafi.

Maigida bai yi faɗa ba. Ya kira Yaya ofis, ya tura masa kwafi ɗaya a kan tebur.

“Karanta min ƙasan shafin nan, tunda kai ne mai karatu.”

“Na gani, ranka ya daɗe.”

“Ba takardar ce ta dame ni ba. Yau layi ne. Gobe ban san me zan tarar a ƙarƙashin wuƙar ba. Ciwon ne ya dawo?”

“Ba ya jin muryoyi. Barci ne kawai.”

“Ran Litinin babban aiki zai shigo. Akwai wani da ya daɗe yana min sintiri, ya iya injin. In Auta ya farka kafin nan, wurinsa ne. In bai farka ba, Yaya, kada ka zo min da zancen shekaru. Na san shekarun, ina nan aka yi su.”

A gida matar Yaya ta sauko da jakar da ake kai wa asibiti, ta fara ninke kayan Auta. Ta ce haka ciwon ke yi, in bai zo da hauka ba ya zo da mutuwar jiki. Yaya ya ce ta mayar da jakar. Ta mayar da ita bayan ƙofa, inda hannu ke kaiwa.

Likitar ƙwaƙwalwa mace ce mai gilashi da gajeriyar magana, ta daɗe tana ganin Auta. Da Yaya ya kai shi wurinta, kamar kullum, ita ke tambaya, Yaya ke amsawa, mai ciwon yana zaune tsakaninsu kamar kayan da aka kawo gyara.

“Yana tsallake magani?”

“Ko sau ɗaya.”

“Yana ninkawa?”

“A hannuna yake karɓa.”

“An ƙara masa wani abu? Na tari, na gargajiya, na barci?”

“Babu abin da aka ƙara, Likita.”

Ta duba idon Auta, ta sa ya miƙa hannuwa. Yatsun suka tsaya, can sai na dama ya zabura shi kaɗai. Ta koma kujerarta, sannan ta juya ta dubi taga.

“Duk zuwan da yake yi nakan tashi in buɗe tagar nan,” in ji ta. “Yau ban tashi ba. Auta, ina tabarka?”

“Ya daina,” in ji Yaya, ya ɗan gyara zama, domin yabo yake jira. “Ni na raba shi da ita. An fi wata.”

“Gaba ɗaya, rana ɗaya?”

“Rana ɗaya.”

“Kuma ba wanda ya faɗa min.”

“Likita, kin tambayi abin da aka ƙara.”

Ta cire gilashin ta murza ido. Ba ta yi masa faɗa ba, da ta yi da ya fi masa sauƙi. Bayani ta yi, da muryar wadda ta sha yi wa mutane bayanin da ya zo a makare.

Ta ce ƙwaya in an haɗiye ta ba kai tsaye take zuwa kai ba. Sai ta narke, ta ratsa hanji ta shiga jini, jini ya zagaya da ita ko'ina, har inda ba a aike ta ba. Kaɗan ce ke isa ƙwaƙwalwa ta zauna a kan wuraren da aka nufa, ta rage ƙarar da ke can. Tun daga lokacin da ta shiga kuma hanta ke binta tana farfasawa, a zubar da ɓaraguzan ta fitsari da bayan gida. Ta ce ya ɗauka daro ne a ƙarƙashin famfo, da huda a gindi. Famfo shi ne ƙwayar da ake sha. Huda ita ce hanta. In abin da ke shiga ya yi daidai da abin da ke fita, ruwa zai tsaya a wuri ɗaya, kuma a wannan tsayin ne maganin ke aiki. In ya yi ƙasa, muryoyi. In ya yi sama, guba. Wannan maganin kuwa tazarar da ke tsakanin biyun ba ta da faɗi.

“To ina ruwan taba?” in ji Yaya.

Ta ce hayaƙin, ba sinadarin da ke sa mutum ya kamu da ita ba, shi ƙonannen hayaƙin, yana sa hanta ta ƙara ma'aikata don ta kore shi. Waɗannan ma'aikatan su ne dai ke farfasa maganin Auta. Duk shekarun nan hudar daronsa a buɗe take wagege, shi ya sa ake ba shi adadi mai yawa, kuma ya yi masa daidai. Da hayaƙi ya ɗauke, hanta ta sallami ma'aikatan da ba ta da bukata. Huda ta tsuke. Famfo yana nan yadda yake.

“Ƙwayar da kake ba shi ba ta canza ba,” in ji ta. “Jikin da ke karɓarta ne ya canza. Wata guda ke nan kana ba shi fiye da kima, a hannunka, safe da yamma.”

Yaya ya tuna ya taɓa ɗaure wani littafin ɗaliban kiwon lafiya mai zanen hanta a ciki. Ya tuna launin bangon, da yadda takardar ta ƙi shan gam.

“Da na bar shi yana sha ke nan.”

“A'a. Ka yi daidai. Da dai ka faɗa min, sai mu rage tare.”

Ta aika a ɗebi jini, ta rage adadin, ta ce za ta sake ragewa in sakamako ya fito. Ta ce kada ya kusanci inji sai ta sake aunawa. Ta kuma dubi Auta, ba Yaya ba, ta ce in ya koma wa taba a ɓoye, hanta za ta sake ɗaukar ma'aikata a hankali, maganin da aka rage ba zai ishe shi ba, muryoyin za su dawo. In zai sha, ya faɗa. In zai daina, ya faɗa. Auta yana kallon ƙafar tebur.

“Zai warware kafin Litinin?” in ji Yaya.

“Jiki ba ya zubar da magani lokaci ɗaya. Rabi yake zubarwa, sannan rabin abin da ya rage, a haka. Ga shi ba daina ba shi za mu yi ba, saukowa za mu yi mataki-mataki. Zai ɗan ji dama. Hanta ba ta san Litinin ba, Malam.”

Yaya bai gaya wa Maigida maganar inji ba. Ya ce an gano matsalar, ana gyarawa, wanda kuma gaskiya ne daidai gwargwado.

Kwanakin suka wuce yana auna ƙaninsa da ido. Auta ya gama cin abinci bai yi barci a kai ba. Matashin ya fito da ɗan danshi maimakon jiƙewa. Amma har yanzu in an yi masa magana sai amsar ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso, kuma hannun dama bai daina zabura ba. Yaya yana shafa gam yana juya zancen daro a ransa. Shi mutum ne da ya saba gyara abu da hannunsa. In huda ta tsuke, a buɗe ta mana. An ma gaya masa abin da ke buɗe ta.

Ran Asabar da la'asar ya tsaya gaban mai kanti.

“Ba ni kwali ɗaya. Irin wadda yake sha.”

Mai kanti ya dube shi. “Gwada ni kake yi, Yaya?”

“Ba ni kawai.”

“Kai da bakinka ka ce da ni za ka yi.”

“Da ni za ka yi in ba ka ba ni ba.”

Ya tarar da Auta a bayan gida, zaune a kan bulo kusa da igiyar shanya, yana kallon kaji. Ya ajiye kwalin da ashana a kan bulon da ke gefensa, ya tsaya. Auta ya daɗe yana kallon kwalin kafin ya ɗauka. Ya ɓare ledar, ya zaro kara ɗaya, ya goga shi a ƙarƙashin hanci daga wannan kai zuwa wancan.

“Zuwa Litinin kawai,” in ji Yaya. “Daga nan ka sake dainawa.”

“Ka hana, na hanu.”

“Na sani.”

“Yanzu ka kawo.”

“Don wurinka nake yi. In wancan mutumin ya hau injin nan, ba zai sauka ba.”

Auta ya juya karan a yatsunsa. Maganarsa tana fitowa a hankali, kamar yana ɗauko kowace kalma daga ƙasan akwati.

“Likita ta ce a hankali hanta ke ɗaukar ma'aikata. Ba kwana biyu ba. In na sha yau, Litinin ina nan yadda nake. Sai can gaba, lokacin an rage magani, sai baƙina masu magana su dawo.” Ya ɗan murmusa da gefen baki. “Barci nake yi, Yaya, ba kurumta ba.”

Yaya ya kau da kai. Shi ma ya ji lokacin da ta faɗi haka. Ya dai ɗauki rabin da ya yi masa, ya bar sauran a ofishinta.

“Ita ta rage, kai ka ƙara, ni ina tsakiya kamar rediyo,” in ji Auta. Ya mayar da karan cikin kwali, sai a karo na biyu ya shiga. “Kun ji daɗina a haka, ko?”

“Wace irin magana ce wannan?”

“Ba faɗa nake yi ba. Ni ma na ji daɗi. Ba murya, ba tari, ba komai. Ko ni ɗin ba na nan.”

Daga kicin matar Yaya ta leƙo ta ce wa zai ɗauko mata tulun gas. Ta ga kwalin, ta dubi mijinta, ta koma ciki.

“Mayar wa mai kanti,” in ji Auta. “Ka ce an fasa.”

Ran Litinin suka isa da wuri. Takardun babban aikin suna jibge har rabin bango, a naɗe cikin leda. Mutumin da ke neman wurin ya riga su zuwa, yana zaune a kan benci da sabuwar riga, ya gaishe su da ladabi fiye da kima. Maigida ya dubi Auta sama da ƙasa.

“Yaya jikin?”

“Da sauƙi,” in ji Yaya.

“Shi na tambaya.”

“Da sauƙi, ranka ya daɗe,” in ji Auta.

Maigida ya sa aka ɗora tulin takardun da suka lalace a kan inji don gwaji. Yaya ya koma teburinsa ya ɗauki allura, bai zura zare ba. Ya san abin da Likita ta ce, ya kuma san shi kaɗai da Auta suka ji.

Auta ya kunna injin. Ya tura tulin, ya daidaita shi da gefen tafinsa, ya runtse ido ɗaya, ya danna. Wuƙar ta sauka ta koma. Maigida ya shafa gefen da yatsa, ya gyaɗa kai. Auta ya juya tulin ya sake yanka, wannan ma ya fito. A na uku, yana cikin tura takarda ƙarƙashin wuƙa, hannun dama ya zabura, tulin ya karkace. Ba wani abu ba ne, wuƙar tana sama, ba wanda ya taɓa maɓalli. Maigida ma lokacin yana magana da direban da ya kawo kaya, bai gani ba. Yaya ya gani. Ya sunkuyar da kai kan allurarsa.

Auta ya tsaya yana kallon hannun. Ya gyara tulin, ya ɗora tafukansa a kan maɓallan, ya daɗe a haka. Sannan ya janye su, ya kashe injin.

“Tukuna,” ya ce.

“Me ka ce?” in ji Maigida.

“Likita ta ce kada in hau sai ta sake auna jini. Hannun bai dawo ba.”

Maigida ya juya ya dubi Yaya. Yaya yana neman ramin allura.

“Yaushe zai dawo?”

“Ban sani ba, ranka ya daɗe.”

Maigida ya yi ajiyar zuciya, ya zare makullin injin ya miƙa wa mai sabuwar riga, wanda ya riga ya naɗe hannun rigar. Ya ce in Auta yana so akwai ninkin takarda a teburin Yaya, ba ya bukatar wuƙa. Bai ce na ɗan lokaci ba ne, ba wanda kuma ya tambaye shi.

Yaya ya matsar da tukunyar gam, ya jawo kujera. Auta ya zauna da bayansa ga injin, ya ɗauki takarda ta farko, ya haɗa kusurwa da kusurwa, ya bi ninkin da ƙashin da ake danne shi da shi. Aikin yara ne, yana yin sa a hankali, kuma yana fitowa daidai. A bayansu wuƙar ta fara sauka.

Sun yi nisa da ninkin. Can Auta ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, “Yana cika tuli da yawa. Zai dakusar da wuƙar kafin azahar.”

“In gaya masa?”

Auta ya gama ninkin da ke hannunsa, ya ɗora a kan 'yan'uwansa.

“Bar shi. Miƙo min waɗancan.”

Yaya ya miƙa masa.